Kifin da Tanko Ya Bari

Zuliha ba ta son kifin nan, kuma ba ta taɓa ɓoye wa mai su ba. A wurinta kifi abin soyawa ne a sa a miya. Waɗannan kuwa babbansu bai kai ƙaramin yatsanta ba, ko an tara su duka ba za su ƙosar da kyanwa ba, amma su ne mijinta Tanko ya sa aka haɗa wa akwatin gilashi a kasuwa, ya kawo ya girke a falo, daidai inda kwabar kwanukanta take a da.

Tanko ya yi shekaru yana gyaran injunan ban-ruwa a gonakin rani na Jiratawa, garin da aka haife shi. Da gwiwa ta fara ƙi, sai ya ajiye aiki ya dawo ya zauna a gidansu na unguwar Zariya, cikin Maraɗi. To namijin da ya saba fita tun da farar safiya, in ka zaunar da shi gida, sai ya nemo abin da zai dami mutane da shi. Wani ya kama kiwon tantabaru, wani ya tare a fadar 'yan shayi yana naɗa ministoci yana saukewa. Tanko shi sai ya tuno wani ɗan tabki da ke bayan gonar ubansa.

Tabkin ba wani tabki ba ne. Da damina ruwa ya kwanta ya kai gwiwa, da rani ya ƙafe har ƙasa ta tsattsage, awaki su bi ta kai. Amma duk shekara, ruwa na taruwa sai ga 'yan kifaye a ciki, alhali ba gulbi ba rafi da ya haɗu da shi. Mutanen gari sun daɗe da yanke hukunci: daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Tanko tun yana yaro maganar ba ta kwanta masa ba. Sai da ya tsufa, a wayar da 'yarsu Hidaya ta aiko masa daga Yamai, ya ga masu kiwon irinsu a wasu ƙasashe suna bayani. Daminar nan ya hau babur ɗin kabu-kabu da bidon, wato jarka, a hannu, ya dawo da laka har cinya, bidon cike da ruwan tabki da kifi.

"Ba daga sama suke hwaɗowa ba," ya ce mata yana juye su. "Ƙwai ne suke binnewa cikin laka. In tabki ya ƙahe uwayen su mutu, ƙwan shi kwanta cikin ƙasa hal ruwa shi dawo."

"Ƙwan kihi cikin busassar ƙasa," in ji Zuliha. "Sannu da aiki, Sarkin Ruwa. Gobe kuma ka zo ka ce mani kaza na ba da nono."

Daga ranar sunan ya bi shi. Da ma ita ba ta kama sunansa, sai ta samu abin kira. "Sarkin Ruwa, tuwo na hucewa." "Sarkin Ruwa, talakawanka sun ci, saura kai." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da abin da yake yi. Ranar da ba ta tsokane shi ba ma, yakan ɗaga kai ya duba ko lafiya.

In za a faɗi gaskiya, mazan kifin suna da kyau. Jiki shuɗi-shuɗi da ɗigon ja, in rana ta shigo ta taga sai su yi ta walƙiya suna buɗe wa juna fiffike. Matan kuwa kalar ƙasa, ba ado ba kwalliya. Zuliha ta ce wannan kaɗai ya isa shaida cewa abin ba na kirki ba ne, gidan da maza ke ado mata na kallo.

Wahalarsu kuma ta fi su girma. Ba su cin dusa, ba su cin tsaki, sai abu mai rai. Saboda haka Tanko ya ajiye tsohuwar randa a bayan madafa, ya bar ruwa a ciki har ya yi kore, sauro ya zo ya yi ƙwai, kullum da safe ya sa matacin shayi ya kwaso 'ya'yan sauron ya kai musu. Matar da ta yi rayuwarta tana kife duk gwangwanin da ya tara ruwa, ga mijinta yana kiwon sauro a gidanta da gangan. Sun yi faɗa a kan wannan har maƙwabta suka ji. A cikin akwatin kuma ya nutsa wani ɗan kwano cike da laka da dakakken zaren kwakwa. Nan kifin ke shiga biyu-biyu, mace da namiji, su ɗan jima su fito. Lokaci-lokaci ya ciro kwanon, ya matse abin da ke ciki a tsumma, ya shanya a inuwa har ya rage ɗan danshi, ya ƙulle a baƙar leda, ya naɗe da zare, ya tura ƙarƙashin gado ta wajen kai, inda ba haske ba zafi. Ƙulli uku ya yi. Bai gaya wa kowa ba sai ita, don ya taɓa soma bayanin a ƙofar masallaci aka yi masa dariya, ya ga dariyar gida ta ishe shi.

"Sai ruwan hwari ya sauka," ya ce mata. "Ran nan za ki gani da idonki."

"Allah shi kai mu," ta ce, da irin muryar da ake amsa wa mai tatsuniya.

Bayan girbi ya koma Jiratawa ya duba tabkin, ya tarar da manyan motoci suna juye jar ƙasa a ciki. Wani ya sayi filin, zai gina wurin ajiyar albasa. Ranar Tanko bai ci tuwo ba. Ya zauna gaban gilashin har magariba, ya ce waɗannan ne kaɗai suka rage daga tabkin nan. Zuliha ta buɗe baki za ta yi tsokana, ta ga fuskarsa, ta rufe.

Cikin sanyi ne ya faɗi, wata safiya, a bakin randar, matacin shayi a hannunsa. Hawan jini, in ji likita. Aka kwantar da shi a asibiti, rabin jiki ba ya motsi, harshe ya yi nauyi. Washegari ya yafito ta da hannun da ke aiki.

"Kihin nan," ya ce da ƙyar. "Kak ki bari su ƙare."

"Ka tashi ka kula da abinka," ta ce. "Ni ba baiwassu ba ce."

Ta faɗa ne yadda ta saba, don ya yi dariya, ya kuma yi da rabin bakin da ya rage masa. Kafin la'asar ya cika. Maganar da ta yi masa ta ƙarshe ke nan, ta kuma zauna mata a ƙirji.

Aka yi zaman makoki, gida ya cika har ba wurin taka ƙafa. Aka yi uku, aka yi bakwai, tabarmi suka fara raguwa. Hidaya ta koma Yamai, ga miji ga aiki ga yara a lakkol suna karatu, ta tafi da wayar uban don hotunansa na ciki. Indo, yayar Tanko, ta zauna har arba'in. Indo ba muguwa ba ce. Mata ne reras a ɗakinsu kafin a samu Tanko, ita ta yi masa wanka ta yi masa goyo, har ya yi furfura tana ganinsa ɗan ƙanenta da ba a kula da shi yadda ya kamata. Tsakaninta da Zuliha gaisuwa ce mai kyau, ba ta wuce nan ba. Ranar da za ta koma Tibiri ta tsaya ta dubi akwatin, ta ce a zubar da ruwan nan a huta, ko a ba yaran unguwa su yi wasa. Zuliha ta ce a bar su tukuna. Indo ta taɓe baki ta ɗauki kayanta.

Sai gida ya rage daga Zuliha sai kifi.

Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kowa ya sani, amma sai wadda ta yi ta san tsawonta. Ba fita, ba kwalli, ba turare. Da safe ta ji kabu-kabu suna wucewa a bayan katanga, masu tallan ƙosai, hayaniyar masu zuwa kasuwa, duniya na ta tafiyarta ba a tambaye ta ba. In ta dafa abinci ya yi yawa, don hannu ya saba da awon mutum biyu. Maƙwabta su leƙo su yi sannu su koma, kowa da abin da ke gabansa. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, ta kuma rasa wanda za ta gaya wa, don duk wanda ta soma gaya wa sai ya ce ta yi haƙuri, kamar ta ce ba za ta yi ba.

Kifin ta fara ciyar da su ne kamar wadda aka sa dole. Ta ɗauki matacin shayin, ta toshe hanci, ta leƙa randar da ta sha rantsuwa sai ta fasa. Sauran aikin da kuskure ta koya. Ta zuba musu ruwan fanfo kai tsaye, biyu suka juya ciki sama, sannan ta tuna shi yakan bar ruwan ya kwana a bokiti. Ta manta ba ta mayar da murfi ba, da safe ta tarar da ɗaya a ƙasa ya bushe, kiyashi sun kewaye shi. Ta tsaya a kansa tana faɗa: "Ina za ka? Mi anka yi maka?" Sai ta ji muryarta ta cika ɗakin, ta lura tun jiya ba ta yi magana da kowa ba.

Daga nan ta riƙa yi musu hira. Ta jawo kujera 'yar tsugunno gaban gilashin, inda yake zama, ta ba su labarin tsadar tumatir, ta kai musu ƙarar 'yarta da ta daɗe ba ta kira ba. Da sun ga inuwarta sai su taso sama gaba ɗaya. Ta san yunwa ce ba ƙauna ba, ai ba yarinya ba ce, amma a gidan nan su kaɗai ne ke motsi in ta shigo ɗaki.

Sai bazara ta shigo da zafin nan na Maraɗi da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya, ruwan akwatin ya yi ɗumi. Ta jiƙa buhu ta lulluɓe gilashin yadda ake yi wa tulu. Duk da haka suka fara tafiya. Baya ya lanƙwashe, launi ya koɗe, su kwanta a ƙasa suna numfashi da ƙyar, da safe ta kwashe. Tanko ya taɓa faɗa mata cewa irinsu ba su cika shekara, ko a tabki ko a gilashi, don damina guda aka halicce su. Ta tuna, amma bai rage mata komai ba. An ce kada ta bari su ƙare, ga su suna ƙarewa a hannunta.

Ta kira Hidaya ta gaya mata.

"Inna, kihi ne hwa," in ji Hidaya, ana jin kukan yaro a bayanta. "In kin hita takaba sai in aiko a saya maki wasu, jajaye manya-manya, sun ma hi kyau."

"To," in ji Zuliha. "Ki gaida yaran."

Ba ta manta da ƙulli ukun da ke ƙarƙashin gado ba. Kullum in tana shara tsintsiya ta taɓa su, sai ta janye hannu. Tsoronsu take ji. Muddin suna ƙulle, akwai sauran magana. In ta kwance ta jiƙa ba abin da ya fito, to kifi sun ƙare, mijinta ya mutu yana tattalin ƙasa a leda, ita ce ta yi gaskiya. Duk zamansu tana son ta zama mai gaskiya a gardama, wannan karon ne kawai ba ta so. Kuma ai ya ce sai ruwan fari ya sauka. Ta riƙe wannan, ta bar su inda suke.

Na ƙarshe namiji ne, baya a lanƙwashe kamar tsoho mai sanda. Ya daɗe shi kaɗai, yana kewaya akwatin yana buɗe fiffike ba wanda zai buɗe wa. Ana saura 'yan kwanaki ta fita takaba ta tarar da shi a kwance. Ta binne shi a gindin lemun tsami, tana jin kunyar kanta, ta yi kuka duk da haka. Akwatin ta bar shi da ruwansa.

Ana gobe fita, hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, iska ta taso, ruwan fari ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Zuliha ta wanke babbar roba ta ajiye a tsakar gida, nesa da indararo don kada dattin rufi ya shiga, ta tari ruwa mai kyau, ta shigar ɗaki ta rufe da faifai. Ta yanke wa kanta cewa gobe in baƙi sun watse za ta kwance ƙullin, abin da Allah ya yi shi ke nan.

Ranar fita takaba mata suka cika gidan tun hantsi. Aka ɗora babbar tukunyar shinkafar sadaka a murhu a tsakar gida. Hidaya ba ta samu zuwa ba, ta aiko da atamfa. Indo ta zo daga Tibiri da 'yan rakiya, ta kama ba da umarni kamar yadda ta saba: a fitar da katifa a shanya, a wanke labule, a ja gado a share ɗaki kakaf. Zuliha tana makewayi tana wanka ta ji an ɗauki salati.

Ta fito da ruwa a jiki, zani a ƙirji, ta tarar an yi da'ira. Indo na tsaye a tsakiya, ƙulli uku a ƙasa gabanta, ta riga ta yaga ɗaya da tsinke, ƙasa ta zubo baƙa-baƙa mai danshi.

Ba wadda ta nemi bayani. Baƙar leda, an naɗe da zare, ƙasa a ciki, a ƙarƙashin gado daidai kan mutumin da ya faɗi rana ɗaya ba ciwo ba komai. Duk wanda aka nuna wa zai ce sammu ne. Wata daga baya har ta riga ta ce ƙasar kabari.

"Mi ne ne wanga, Zuliha?" in ji Indo. "Wa ya aje shi ƙarƙashin kan ɗan'uwana?"

"Shi ya aje abinshi, Yaya. Ƙwan kihi ne."

Wata ta ja tsaki. Zuliha ta ji maganar yadda ta shiga kunnuwansu, ta san ko ita ce a tsaye can ba za ta yarda ba. Ai ba ta yarda ba, lokacin da mai abin ya faɗa mata da bakinsa.

"Ƙwan kihi," Indo ta maimaita. "Cikin ƙasa, cikin leda. Ni za ki maida ƙaramar ɗiya?" Hawaye suka zubo mata. "Ban ce ke kinka sa ba, Allah na gani ban ce ba. Amma wata da watanni kina sharar ɗakin ga, ki ce ba ki gani ba?"

Kafin Zuliha ta amsa, Indo ta sa tsumma ta kwashi yagaggen da na biyu, ta cusa su cikin murhu ƙarƙashin tukunyar shinkafa. Leda ta narke, wari ya tashi. Zuliha ba ta san lokacin da ta faɗa kan na ukun ba. Ta rungume shi a ƙirji, mace mai jikoki, a durƙushe a ƙasa, zani na neman kwancewa. Da ta ɗaga kai ta ga idanun da ke kallonta, ta gane abin da ta yi wa kanta. A ganinsu, wadda ba hannunta a ciki ba za ta kare sammu da jikinta ba.

Malam Ilyasu, limamin masallacin unguwa, yana zaure yana jiran a kira shi addu'a. Hayaniyar ta sa aka shigo da shi, mata suka gyara lulluɓi, wata ta jefa wa Zuliha hijabi. Malam mutum ne da ba ya son doguwar magana. Ya saurari Indo, ya saurari Zuliha, bai tambayi wa ya ajiye ba. Ya ce zato zunubi ne. Ya ce in ma sihiri ne, ba ƙonawa ake yi ba: a kwance ƙullin, a zuba a ruwa mai tsarki, a tofa Falaƙi da Nasi, a bar shi ya kwana, da safe a zubar a inda ba a takawa. In kuma ba shi ba ne, ruwa da addu'a ba su cutar da komai.

"A kawo ruwa," ya ce.

Wata ta ɗauki bokiti ta nufi fanfo.

"Akwai na sama, Malam," in ji Zuliha da sauri. "Jiya na tara. Ya hi tsarki."

Malam ya ce madalla. Ta shiga ta ɗauko robar. Ita ta kwance zaren da hannunta, don ba wadda ta yarda ta taɓa. Ƙasar ta watse, zaren kwakwa ya taso sama, ruwan ya gurɓace. Malam ya karanta ya tofa. Mata suka miƙa wuya suna leƙe daga nesa. Ba abin da ya fito, ba kifi ba aljani. Ƙasa ce a cikin ruwa.

Aka yi addu'a, aka raba shinkafa. Da yawa suka ce sun ƙoshi, wasu suka ƙulle wai sai sun je gida, ka san ba ci za su yi ba. Kafin la'asar gida ya watse, ba wadda ta tsaya hira, ba wadda ta yaba atamfar. Indo da aka shimfiɗa wa katifa za ta kwana, sai ta tuna ta baro awaki ba kowa.

"Gobe da sahe ki zubda shi," ta ce a bakin ƙofa, ba ta dube ta ba. "Ni dai na bar ma Allah."

Zuliha ta ja robar ta kai falo, kusa da akwatin da ba komai a ciki sai ruwa. Ta leƙa da la'asar, ta leƙa da magariba. Ƙasa ta kwanta, ruwa ya fara washewa, ba ta ga komai ba. Ta ce a ranta shi ke nan. Kifi sun ƙare, ƙulli biyu sun ƙone, na ukun ƙasa ce, sunanta kuma gobe yana bakin mata daga Zariya har Tibiri. Ba ta ma ji haushin Indo ba. Haushin Tanko ta ji, da ya tafi ya bar ta tana kare shirme.

Da gari ya waye ta ɗauki robar za ta kai bayan gida ta zubar kamar yadda aka ce. Ta fito tsakar gida, rana ta fara hawa katanga, haske ya faɗa cikin ruwan. Sai ta ga wani abu ya motsa a gefe. Ta ce ɗan sauro ne, ai yanzu ta san su fiye da kowa. Amma ɗan sauro lanƙwasa yake yi, kai ƙasa. Wannan a miƙe yake, siriri kamar gashin ido, da ɗigo biyu baƙaƙe a gaba. Ya tsaya cak, ya yi gaba, ya sake tsayawa. Ta ajiye robar a hankali ta durƙusa. Ga wani. Ga wani can ƙarƙashin zaren kwakwa. Da idonta ya saba, sai ta ga gefen robar duk su ne.

"Sarkin Ruwa!" ta ƙwala kira, ta juya wajen ɗaki. "Sarkin Ruwa, hito ka ga..."

Labulen da aka wanke jiya yana ɗan motsi a ƙofa. A bayan katanga wani kabu-kabu ya wuce.

Ta zauna a ƙasa nan inda take. Tun ranar da aka fita da shi ba ta ji kewarsa irin ta wannan safiya ba, don yau ce take da maganar da shi kaɗai zai ji daɗinta. Ta yi kuka har ta gaji, ba mai ce mata ta yi haƙuri.

Da ta share ido ta ɗauki waya ta kira Indo. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai dabara ta zo mata. Yau ba takaba, ga sabuwar atamfa, ga takalmi. Za ta juye su a bidon, ta tare kabu-kabu, kafin hantsi tana Tibiri, ta dire a gaban Indo da duk wadda ta ja tsaki jiya. Har ta miƙe ta ɗauko bidon ɗin. Sai ta dubi bakinsa, ta dubi abin da ke cikin roba, ta tuna girgizar babur da zafin rana. Abin da bai fi gashin ido ba, ba zai kai Tibiri da rai ba. Kafin su yi girman da za a ɗauke su kuwa, magana ta riga ta gama gari, kuma wanda ya ji ta farko ba lallai ya ji ta biyu ba. Ta san haka sarai. Ta mayar da bidon inda yake. Ta je ta cire sakatar ƙofar gida, mai son gani ya shigo.

Ta tuna yadda ya ce ana ciyar da jariran: ruwan randa mai kore, da gwaiduwar dafaffen ƙwai kaɗan a bakin tsinke. Ashe duk lokacin da take cewa ya rabu da ita, tana ji. Ta hura wuta a murhun jiya ta dafa ƙwai ɗaya. Ta ja robar zuwa inuwar lemun tsami, ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna.

"To, na gani," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Kai ka yi gaskiya. Sai ka bar ni in yi aikina."

Ta ɗiga gwaiduwar a ruwa, ta sunkuya tana jira ta ga ko za su ci.